Daddawar Uwata a Rumbun Baba Orsak

Da sunan Allah Mai rahama, wanda ya shimfiɗa ƙasa ya rarraba ta, wani yanki ya ba shi rana, wani ya lulluɓe shi da ƙanƙara, kuma ko'ina ya ajiye bayinsa da abincinsu. Bayan haka, ni ne Nomau ɗan Cindo, mutumin Gangaren Maje, maharbi jikan maharba. Kun dame ni da zancen fatar nan da ke rataye a zaurena, har makaɗa sun sa ta cikin kirarina. To, ku gyara zama. Shekara goma sha ɗaya ina ba ku rabin labarin, yau zan cika muku sauran.

A lokacin ina ji da kaina ƙwarai. Babu dabbar dawa da tarkona bai taɓa riƙewa ba, tun daga zomo har kura. Ana nan sai wani falke da ya zaga duniya ya sauka garinmu, ya nuna mana wata hula mai gashi a gefenta. Ya ce gashin wata dabba ce ta ƙasar Zamharira, can ƙarshen arewa, dabbar da mutanen ƙasar kan shekara goma ba su kama guda ba, don ta fi mai tarko wayo. Ni kuwa bakina ba ya da linzami. Na miƙe a gaban maharba na ce, “Don dai Nomau bai je ba ne!” Aka yi shewa, aka buga ganga. Kafin gari ya waye maganar ta zaga ƙauyuka bakwai, ba ni da hanyar janye ta.

Ranar tafiya mahaifiyata ba ta yi kuka ba. Ta dai miƙo mini wata 'yar jakar fata da ta ɗinka da jan zare, cike da daddawar da ta yi da hannunta. Ta ce, “Ungo, Nomau. Duk inda miyarsu ta ƙi shiga, ka jefa guda.”

Na bi ayari wata biyu cikin rairayi, na shiga jirgin ruwa na yi amai har na raina kaina. Daga wannan jirgi na koma wani, daga wani na koma wani, har muka isa tekun da duwatsun ƙanƙara ke yawo a kansa, kowanne ya fi ganuwar birni tsayi. Jirgi ya ajiye ni a gaɓar Zamharira da kaka. Mai jirgin ya ce mini ba zai dawo ba sai teku ya narke, nan da wata takwas, ya juya abinsa.

Gari guda ne a wannan gaɓa, gidaje tara na gungumen itace. Wani tsoho mai tarko, Baba Orsak, shi ya ga ina rawar ɗari a bakin ruwa ya ja ni gidansa. Gajere ne, mai faɗin ƙirji, magana ba ta dame shi ba. Matarsa Inna Telmu kuwa ita ke yin maganar su biyu. Ba su da ɗa a raye. Suka tufatar da ni da fatu, suka koya mini harshensu, Inna na dariyar yadda nake karya shi. Ran farko da na kama tarkon ƙarfe da hannu tsirara, fatar tafina ta manne masa, na yi ta ihu ina tsalle. Baba ya zo ya zuba ruwan ɗumi a hankali har ƙarfen ya sake ni, ya sa mini safar hannu. Inna ce ta yi sati tana kwaikwayon tsallen nawa.

Na ga abin mamaki a ƙasar nan. Karnuka ke jan kaya bisa wani katako mai santsi da ba shi da ƙafa. Da sanyi ya kankama, rana kan leƙo ne kawai ta koma, in na idar da azahar ban gama addu'a ba la'asar ta yi. Amma abin da ya kamata ku riƙe shi ne rumbunsu. Mutanen Zamharira ba su noma. Da kaka suke harbin wasu manyan bareyi masu ƙaho kamar rassan itace, su kama kifi, su tara a rumbu can bayan gari, bisa dogayen turaku huɗu. Abin da ke cikin rumbun nan shi ne ransu har bazara. Na Baba Orsak gida uku yake ciyarwa, nasa da na wasu zawarawa biyu da 'ya'yansu.

Rumbun yana da doka, Baba ya faɗa mini ita sau uku. Ba a sa nama sai ya daskare ya daina wari. Ba mai hawa sai ya turara hannuwansa da tufafinsa da hayaƙin wani itace. Ba a kai komai mai ƙanshi ko wari kusa da shi. In rumbu ya ɓaci ta hannun ɗan gari, za a karɓe wuƙarsa da hanyar tarkonsa, wato yankin dajin da yake ɗana tarko, ba zai sake farauta ba har ya mutu. In ta hannun baƙo ne, za a mai da shi gaɓar da ya sauka, ba wuta ba guzuri, ya jira jirginsa. Na tambaye shi ko an taɓa yi. Ya ce sau ɗaya, a zamanin kakansa, da bazara aka tsinci takalman mutumin.

Duk wannan tsaro saboda dabbar da na zo nema ne. Suna da sunan da suke kiranta, ni dai dagen ƙanƙara na sa mata, don ta yi kama da dagen dajinmu, sai dai ta ninka shi uku. Baƙa ce, da ratsin fari-fari a kowane gefe, gajerun ƙafafu, haƙoranta na fasa daskararren ƙashi. Abin da ta kasa cinyewa sai ta yi masa wani fitsari mai ɗoyi, ko kare ba ya kusantarsa. Gashinta ne kaɗai raɓar numfashi ba ta daskarewa a kansa, shi ya sa suke sonsa a bakin hula.

Baba ya yanka mini wani yanki na hanyar tarkonsa, wadda ya gada tun daga kakansa. Na ɗana tarko goma sha biyu, irin ɗanin da ake yaba mini a gida. Washegari na tarar da sawun dagen ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Bai taɓa zuwa ta gaba ba. Ta baya yake haƙa ƙanƙara, ya zaro naman ya bar mini ƙarfe a buɗe. Ɗaya tarkon ma ya ɗauke shi ɗungurungum, sai bayan kwana biyar na gan shi rataye a kan itace. Daga nan kuma ya ɓace, sati uku ko sawunsa babu.

Baba ya ce, “Haka yake, ɗana. Ƙasarsa tafiyar kwana goma ce. Ba a kiransa, jiransa ake yi.”

Jira kuwa ba halina ba ne. Wata rana kewar gida ta taso mini, na jefa daddawa guda cikin romon kifi. Inna Telmu ta toshe hanci ta ce, “Ɗan nan, wa ya mutu a cikin jakarka?” Karnukan Baba bakwai da ke waje suka ɗau haushi suna tonon bango. Da na ga haka sai wata dabara ta faɗo mini. Na shafa daddawa a naman tarkunana, ban gaya wa kowa ba.

Kai, abin ya ci! Kwana biyu dagen ya dawo. Ya rabu da hanyar kowa, tawa kaɗai yake bi. Kullum sai ya zo, kullum sai ya sace naman, ni kuma kullum ina cewa gobe zai yi kuskure. Sati uku muna haka. Ashe karatu nake koya masa, cewa duk inda ya ji wannan wari akwai abinci.

Masu tarkon gari suka fara tambayata me nake sawa. Ku maharba ne, kun san mu da ɓoye asiri, ko ɗan'uwa ba a nuna wa. Ga karnuka sun hana jakar sakat a gida. Na yi tunanin inda ba mai leƙawa sai mutum ɗaya, shi ma sau ɗaya a sati. Da rana tsaka, Baba na gyaran ɗamarar karnuka, na zagaya bayan gari, na jingina tsani na hau rumbu. Na cusa jakar can ƙarƙashin kifi, na bar guda uku a aljihuna. Na san dokar sarai. Na ce a raina ai daddawa ce ba nama ba, kuma sanyi zai kashe warin.

Kwana huɗu bayan haka muka je ɗebo abincin sati, ni da Baba da Inna. Tun daga nesa ɗoyi ya tare mu. Dagen ya hau turke, ya gwaguye gungumen bango ya yi ƙofa. Nama a warwatse cikin dusar ƙanƙara, wani ya ja shi daji, saura duk ya yi masa fitsari. Abincin gida uku na wata huɗu, abin da ya tsira bai cika fata biyu ba. Inna ta durƙusa tana tsintar gutsattsarin kifi tana sunsunawa tana zubarwa. Baba yana tattara abin da ya tsira. Na shiga tone-tone kamar mai taya su, alhali jakata nake nema. Ban gan ta ba. Na ce dagen ya tafi da ita, kuma, Allah ya yafe mini, har hamdala na yi a zuci.

Aka tara gari. Dattijon da ke riƙe da sandar shari'a ya kafa ta a tsakiya ya ce, “Dabbar nan ba ta fasa bangon gungume sai ta ji wari. Wa ya kai wari rumbun Orsak?”

Na sha jinin jikina, don idanu biyu uku sun juyo kaina. Wallahi na buɗe baki. Sai na tuna takalman mutumin nan a bakin teku, na sunkuyar da kai ina kallon ƙasa.

Baba Orsak ya tako gaban sanda. Ya ce, “Ni ne. Satin da ya wuce na taɓa naman tarko, na hau ban yi hayaƙi ba. Na manta.”

Ina wurin a ranar da yake magana a kanta. Ni na hura masa wutar, da idona na ga ya turara hannuwansa har ya yi tari. Na ce a raina tsufa ne ya rikita shi, ya ɗauka da gaske ya manta. Na san gaskiya, na ga tsoho yana ɗaukar kayana a kansa, na yi gum. Dattijon ya miƙa hannu, Baba ya kwance wuƙar da ya yi shekara hamsin da ita a ƙugu ya ba shi. Hanyar tarkon kakansa aka ba wani. Ni baƙo aka ce in ci gaba da yankina har jirgi ya zo, tun da ba ni da laifi.

Watannin da suka biyo baya ba na son tuna su. Gari ya yi karo-karo, amma kowa nasa a ƙididdige yake. Muka koma cin abinci sau ɗaya a yini. 'Ya'yan zawarawan nan suka rame har idanunsu suka faɗa. Baba ya koma zaman ɗaka yana kankare fatu, aikin da a can tsofaffin mata ke yi. In masu tarko sun wuce da safe sai ya juya wa ƙofa baya. Da abincin karnuka ya ƙare, da hannunsa ya kashe biyar cikin bakwai, har da jagabansu da ya raina tun yana ɗan kwikwiyo. Ya dawo ya zauna ya ɗau fatarsa ya ci gaba da kankara.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne akushi. A al'adarsu baƙo ake fara zuba wa, kuma Inna ba ta fasa ba ko rana ɗaya. In na ce na ƙoshi sai ta ce, “Ci, ɗan nan. Uwarka za ta ce mun ramar mata da kai.” Sau nawa na shirya magana a kan hanyar tarko, in na shigo na ga fuskarsu sai ta gudu.

Sai na ce bari in biya da aiki abin da na kasa biya da baki. Na tuna yadda mahaifina Cindo ke kama dagen da ke fasa masa amya. Na sami gungume na rarake cikinsa, baki ɗaya a buɗe, ɗaya a toshe, tsawonsa ya fi dabbar. Na kai shi inda ta saba bi, na yi ta zuba masa ruwa har ya daskare ya manne da ƙasa, baya da gefe suka zama kamar dutse. A can ƙurya na ɗaure daddawata ukun nan da igiya, igiyar na riƙe da wani ƙaton gungume a saman ƙofar. Ban sa ƙarfe ko ɗaya ba. Na turara komai da hayaƙi, yadda Baba ya koya mini.

Kwana shida dagen yana zagaya shi. Ya haƙa ta baya, ƙanƙara ta ƙi. Ya gwada ta gefe, ya bar alamun haƙora. Ran na bakwai kwaɗayin da ni na koya masa ya fi ƙarfinsa, ya shiga ta ƙofa. Na tarar da shi ciki yana gurnani, ya ci rabin gungumen ƙofar, saura kaɗan ya fita. Na soke shi da mashi ta wata kafa da na bari a sama. Ko da yake mutuwa, sandar mashin yake tauna.

Na saɓo shi har gaban dattijon gari, mutane na biye da ni suna sowa. Na ajiye na ce, “Ga ɓarawon. Ina roƙo a mayar wa Baba Orsak wuƙarsa.”

Dattijon ya shafa gashin dabbar ya ce, “Aiki ya yi kyau, baƙo. Amma ba ita ta kai wari rumbu ba. Fatar taka ce.”

Baba da kansa ya jeme mini ita, tun da jima ce ta zama sana'arsa. Ya yi mata aikin da ban taɓa ganin irinsa ba. Ita ce kuke gani a zaure.

Teku ya narke, jirgi ya dawo. Su biyu suka rako ni gaɓa, Baba na tafe a hankali don zaman ɗaka ya cinye masa gwiwa. Har na yi sallama na juya, sai Inna Telmu ta kama hannun rigata. Ta zaro wani abu daga ƙirjinta ta danƙa mini. 'Yar jakar fata ce mai jan zare, gefe guda da hujin haƙori.

Ta ce, “Ranar nan na tsince ta ƙarƙashin turke, kafin ka fara tone-tonenka. Na nuna wa Orsak a hanyar komawa gida. Ɗinkin mahaifiyarka ne, ko? Mayar mata, kada ta ce mun riƙe mata kaya.”

Na zube a kan tsakuwa. Ashe ba mantuwa ba ce. Ashe tun kafin a kafa sanda sun sani, kuma wata huɗu suna fara zuba mini abinci. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na kama ƙafar Baba ina kuka na ce, “Baba, bari in koma in faɗa musu. Yanzu, a gaban kowa.”

Ya ce, “Yanzu da jirgi ya zo?”

Bai faɗa da faɗa ba, amma gara ya mare ni. Ya ɗago ni ya kakkaɓe mini gwiwa. Ya ce, “In ka faɗa yau, za su san na yi ƙarya a gaban sanda. Mai mantuwa ana barinsa ya zauna a gari. Maƙaryaci ba a barinsa, shi da matarsa. Lokacin maganarka ya wuce, ɗana. Shiga jirgi.”

Na ce, “Me ya sa ka yi?”

Inna ce ta amsa, kamar kullum. Ta ce, “Mun binne 'ya'ya uku a ƙasar nan. Ba mu iya zuwa tsintar takalman na huɗu.”

Na shiga jirgi. Suna tsaye a gaɓa har suka zama ɗigo biyu, ban iya ɗaga musu hannu ba.

Da na iso gida kuka tarye ni da ganga, kuka shimfiɗa fatar a dandali, na tsaya ina karɓar gaisuwa. Da na shiga wurin mahaifiyata na miƙa mata jakar, ta juya ta, ta sa yatsa cikin hujin, ta ce, “Ta ishe ka dai?” Na ce, “Ta isa, Inna.” Har ta koma ga Allah ban gaya mata ba. Iyalina kuwa har yau sun ɗauka ciwon ciki ne ya hana ni cin miyar da aka sa wa daddawa.

Bara wani matuƙin jirgi ya aiko mini da labari ta hannun fatake, cewa tsofaffin nan biyu sun rasu, sanyi guda ya ɗauke su. Yanzu babu wanda maganata za ta kora daga gari, shi ya sa kuka ji ta, kun ga ko yau ma sai da na jira jirgi ya zo. Iyakar hikayata ke nan, abin da na ƙara ko na rage Allah ya sani. Kai makaɗi, in ka zo baitin dagen ƙanƙara ka cire sunana. In bakinka zai iya, ka sa Orsak. Wani kuma ya tashi ya sauke mini fatar nan daga bango, ni hannuna ba ya kai mata.